Tsanin da Likita Ta Zana

Shekara goma sha tara ina jan mota
daga Sakkwato zuwa Illela, in dawo da albasa da mutane.
Na san ramukan da ke tsakanin Kware da Gwadabawa
kamar yadda harshe ya san gurbin haƙorin da ya fita.

Bayana ya riƙe a wata damina,
ranar da na ɗaga injin ni kaɗai don taurin kai.
Aka ba ni farar ƙwaya ta ciwo,
aka haɗa mini da 'yar ƙarama ta barci.
Wata bakwai muna kwana muna tashi tare.

Likitar Asibitin Koyarwa, siririya mai tabarau,
ta zana mini tsani a bayan takardar magani.
Ta ce, "Malam Hali, mataki-mataki ake sauka.
Kada ka diro. Tuƙi ma ka ajiye tukuna."
Na ce to.
Ina fita na zuba su duka a kwatar bayan tasha.
Ni da na ɗaga injin, ƙwaya ce za ta gagare ni?

Kwana uku ƙasa ta daina tsayawa inda na bar ta.
Na ɗago daga ruku'u da asuba,
masallaci ya karkata hagu,
sai da na dafa kafaɗar tsohon da ke gefena.
A teburin mai shayi kofi yana rawa a hannuna,
rabi a ciki, rabi a gaban riga.
Dare kuwa, idona biyu,
ina jin tafiyar kyankyaso a bayan buhu.

Duk da haka na yi lodi.

A shataletalen Mairuwa sitiyari ya zama baƙo.
Kowane ham ƙusa ne a ƙeyata,
rana tana tsalle a kan gilashi,
titi ya rabu biyu, ban san wanne ne nawa ba.
Ƙafata ta tafi neman birki,
ta yi jinkiri kamar ɗan aiken da ya tsaya kallo.
Taki ɗaya ya rage tsakanina da keke mai ƙafa uku
cike da 'yan makaranta masu farin hijabi.
Ɗaya tana cin gyaɗa. Ba ta ma waiwayo ba.

Wata tsohuwa daga kujerar baya ta ce,
"Direba, mi as same ka?
In kwana kaka ji, sabkad da mu nan."
Ban amsa ba. Zufa ta amsa.

A gefen titi na tuna watannin nan bakwai,
da ido mai nauyi da murmushin banza,
ina wuce gadar Rima ban san na wuce ba.
Ashe tun lokacin ba ni kaɗai ke tuƙin ba.

Na koma. Ba ta yi faɗa ba.
Ta jawo wata takarda, ta sake zana tsanin,
wannan karon da matakai ƙanana.

Yanzu Modi ƙanena ke riƙe da makulli.
Ina zaune a gefensa, ina karɓar kuɗin mota,
ƙafata tana taka birkin da babu shi.
Yana shiga ramin da na sani, ina haɗiye magana.

Da yamma Ige 'yata tana ja mini layi da gawayi a tsakar gida.
Diddige gaban yatsa, diddige gaban yatsa,
hannuwa a buɗe kamar shamuwa za ta tashi.
Tana ƙirgawa da ƙarfi, har da tafi.
Shekaranjiya takwas kafin in dafa bango.
Jiya goma sha ɗaya.
Yau tara,
ta ce iska ce, gobe mu sake.